Farashin Wutar Lantarki da Sauyin Mazauni: Nazari Daga Ƙasar Tsanyawa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta amsa wata tambaya wadda a ido ƙarama ce, amma tana cin kuɗin mutane da yawa, watau: idan mutum ya tashi daga wani gida ya koma wani, shin yana iya tafiya da farashin da yake sayen wutar lantarki a tsohon gidansa? A wasu ƙasashe, musamman Birtaniya, tambayar tana da amsa sananniya, domin can akan ƙulla yarjejeniyar ƙayyade farashi tsakanin mai gida da kamfani. A Nijeriya babu irin wannan yarjejeniya ga magidanci. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a tsarinmu farashi na layi ne, wutar da aka riga aka saya ta mita ce, bashi kaɗai ne na mutum. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin ɗan haya da mai gida da ma'aikatan wuta ta samo asali ne daga cuɗa waɗannan abubuwa uku.

Mun zaɓi mu dubi al'amarin ta fuskar mutumin Tsanyawa saboda dalilai biyu. Na farko, wannan ƙaramar hukuma tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, gaba da Bichi, kuma tana iyaka da Jihar Katsina; saboda haka mutanenta suna kai da kawo tsakanin ƙauye da birni, da kuma tsakanin jiha da jiha. Na biyu, tana cikin ƙasar noman nan mai cunkoson jama'a da ke kewaye da Kano, inda ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 150,000 a cikinta. A irin wannan wuri sauyin mazauni ba baƙon abu ba ne. Akwai malamin firamare ko ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki. Akwai saurayin da gidan gado ya yi wa kaɗan ya fita bayan gari ya yi gini. Akwai ɗan ci-rani da ke kama ɗaki a Kurna ko Rijiyar Lemo. Akwai kuma mai injin niƙa ko mai walda da ke neman inda wuta ta fi zama. Kowane ɗayansu yakan yi lissafin kuɗin haya da kuɗin mota, amma ba kasafai yakan sa kuɗin wuta a lissafi ba sai ya tare.

Yadda abin yake a inda ake ƙayyade farashi

Kafin mu shiga namu, ya kyautu mu bayyana abin da ake nufi da ƙayyadadden farashi a inda aka san shi. A Birtaniya, tun 1999 kowane magidanci yana da ikon zaɓen kamfanin da zai sayar masa da wuta. Masu wayoyi da turaku daban, masu sayarwa daban. Tun da yake masu sayarwa suna da yawa kuma suna gasa, sai kowannensu ya riƙa yi wa mai saye tayin cewa zai tsayar masa da kuɗin kowane yunit, da kuɗin da ake biya kullum don zama kan layi, har tsawon shekara ɗaya ko biyu. A lura, farashin yunit ne ake tsayarwa, ba jimillar kuɗin wata ba. Wanda ya sha da yawa zai biya da yawa. In mai saye ya fasa kafin wa'adi, sau da yawa akwai tarar fita, sai dai hukumar da ke sa ido a kan kasuwar, watau Ofgem, ta hana karɓar wannan tara a cikin kwana 49 na ƙarshen wa'adin.

To, da yake yarjejeniyar da mutum aka ƙulla ta, ba da gida ba, idan ya tashi yana iya neman kamfanin ya bi shi da ita, kuma kamfanoni da dama sukan yarda. Amma ko a can ɗin ba a rasa sharaɗi. An raba ƙasar shiyya 14 ta fuskar rarraba wuta, kuma kuɗin kai wuta ya bambanta daga shiyya zuwa shiyya, saboda haka wanda ya ƙetare shiyya yana iya tarar da an ɗan taɓa farashin. Haka nan in mitar sabon gida ba irin ta tsohon ba ce. Bugu da ƙari, ranar da ya karɓi makulli doka ta riga ta ɗora shi a kan kamfanin da ya tarar yana ba gidan wuta, a bisa farashinsa na yau da kullum, har sai ya sauya. Rikicin tsadar iskar gas na 2021 da 2022 kuma ya nuna iyakar wannan alkawari, domin kamfanoni wajen talatin suka durƙushe, aka mayar da abokan cinikinsu ga wasu kamfanonin, farashin da aka ƙayyade musu kuwa ya bi ruwa.

Abin da za mu riƙe daga wannan misali shi ne, ƙayyade farashi ɗan gasa ne. Inda mai sayarwa ɗaya ne tak, ba shi da dalilin yi wa kowa irin wannan alkawari.

Yadda da'irar farashi ta yi ta ƙanƙancewa a Nijeriya

Birnin Kano ya samu lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a ƙarƙashin aikin ruwa da wuta na En'e. A 1951 Kamfanin Lantarki na Nijeriya ya karɓi irin waɗannan tashoshi, sa'an nan a 1972 aka haɗe shi da Hukumar Madatsun Ruwan Neja, wadda ta gina Kainji, aka samu NEPA. Garuruwan karkara kuwa sai daga baya wuta ta riƙa isa gare su, akasari ta hannun hukumomin samar da lantarki a karkara na jihohi. A zamanin NEPA farashi ɗaya ne a duk faɗin ƙasa ga kowane rukunin masu amfani. Ma'aikacin da aka ɗauke daga Ikko aka kai Kano, ko daga Kano zuwa Tsanyawa, farashin yunit ɗinsa bai motsa ba. Ba wai yarjejeniya ce ta bi shi ba. Ƙasar ce duka ta zama gida ɗaya ta fuskar farashi. Wannan ne ya sa har yanzu dattawa da yawa suke ganin kuɗin wuta kamar kuɗin kan sarki ne, ko'ina ɗaya.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ita ta rushe wannan gini. Ta wargaza NEPA, ta kafa Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa, watau NERC, ta ba ta ikon yanke farashi. Tsarin farashi na farko da Hukumar ta fitar a 2008 bai bambanta wuri da wuri ba, amma na biyu, na watan Yuni 2012, ya ba kowane ɗaya daga kamfanonin rarraba wuta 11 farashinsa. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin ga 'yan kasuwa, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Daga nan da'irar da mutum zai iya yawo a cikinta ba tare da farashi ya sauya masa ba ta ragu daga ƙasa guda zuwa jihohi uku. Mutumin Tsanyawa da ya koma Kankiya ko Kazaure yana nan cikin da'irar. Wanda ya koma Zariya ya fita.

Akwai wani abu da ake kira tsayayyen kuɗi a wancan lokaci, wanda bai kamata a rikita shi da abin da muke magana a kai ba. Wasu ɗaruruwan naira ne da akan ɗora wa mai mita kowane wata, ko an ba shi wuta ko ba a ba shi ba. Jama'a suka yi ta kuka da shi, Hukumar ta soke shi daga watan Fabrairu 2016.

Ƙanƙancewa ta uku, wadda ta fi shafar mai ƙaura, ta zo ne a ƙarshen 2020, lokacin da aka ɗaure farashi da yawan sa'o'in da ake ba da wuta. Aka kasa layuka rukuni biyar. Rukunin A shi ne layin da aka yi alkawarin ba shi aƙalla sa'a 20 a rana, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E kuma sa'a 4. Layin da ake nufi a nan shi ne babbar wayar da ta taso daga tashar rarraba wuta tana ciyar da taransifomomin unguwanni ko garuruwa, wadda ma'aikata suke kira fida. Ke nan farashin mutum bai rataya ga sunansa ba, bai rataya ga arzikinsa ko talaucinsa ba. Ya rataya ne ga wayar da ta bi ta ƙofar gidansa. Gidaje biyu suna iya fuskantar juna, titi kawai ya raba su, wannan yana A wancan yana C.

Da farko tazarar da ke tsakanin rukunonin ba ta da yawa, saboda haka mutane ba su damu ba. Ranar 3 ga Afrilu 2024 abin ya sauya. A ranar Hukumar ta ɗaga farashin rukunin A daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225 kowane yunit, ta bar sauran rukunonin yadda suke, gwamnati tana ci gaba da cika musu tallafi. A watan Mayu aka sauko da shi zuwa naira 206.80, a watan Yuli na shekarar kuma ya koma naira 209.50. Hukumar ta ce ƙarin ya shafi kimanin kashi 15 cikin 100 ne na masu amfani da wuta. Amma ga wanda ya tare a cikin wannan kashi, ba ƙaramin abu ba ne. Alal misali, a ƙaddara malamin makaranta ne mai iyali, yana da firji da fankoki da talabijin da dutsen guga, yana shan yunit 150 a wata. A kan naira 209.50, kuɗinsa ya kama naira 31,425, ban da haraji. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 kuwa naira 70,000 ne. Watau wuta kaɗai ta kusa cinye rabinsa. Sa'an nan kuma ƙarin yana da kai biyu: ga farashin yunit ya ninka kusan sau uku, ga kuma yunit ɗin da zai sha ya ƙaru, tun da firjin da a ƙauye yake aiki 'yan sa'o'i yanzu ba ya hutawa.

Akasarin layukan rukunin A suna cikin manyan birane ne da unguwannin masana'antu, layukan karkara kuwa, saboda tsawonsu da yawan lalacewarsu, sun fi faɗawa rukunonin ƙasa. Don haka ƙaura daga ƙasar Tsanyawa zuwa Kano tana iya zama ƙaura daga araha zuwa tsada. Sai dai a yi adalci: arahar karkara ta takarda ce. Mai walda da ke samun wuta sa'a huɗu, wani lokaci ma da tsakar dare, sauran aikinsa da janareta yake yi, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 yunit ɗin janareta ya fi na rukunin A tsada nesa ba kusa ba. Ga mai sana'a, komawa layi mai tsada yana iya zama riba. Ga mai albashi wanda ba ya juya wutar ta zama kuɗi, asara ce tsantsa.

Wani abin lura kuma, farashi yana iya ƙaura ya bar mutum a zaune. Ana ɗaga layi daga B zuwa A, ana kuma saukar da shi. Umarnin Hukumar na Afrilu 2024 ya tanadi cewa layin A da ya kasa cika sa'o'insa kwana bakwai a jere a sauke shi. Saboda haka dillalin da ya rantse wa mai neman haya cewa unguwar nan wutarta mai araha ce, gaskiyarsa ta ranar ce kawai. Daɗin daɗawa, Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu su yanke farashi a cikin iyakarsu. Jihohin Inugu da Ekiti da Ondo su ne suka fara karɓar wannan iko a 2024, har hukumar Inugu ta ba da umarnin rage farashin rukunin A zuwa naira 160 a 2025, abin da ya jawo muhawara mai zafi. Duk ranar da Kano ko Katsina ta yanke farashinta ita kaɗai, mutumin Tsanyawa da ya ƙetara iyaka da 'yan kilomitoci zai iya tarar da farashi daban ko da kamfanin bai sauya ba.

Wutar da ke cikin mita

Akwai hanya ɗaya tak da magidanci a Nijeriya yake iya tsayar wa kansa farashi, ita ce ta mitar kati, wadda jama'a suka raɗa wa suna iya kuɗinka iya shagalinka. Idan mutum ya biya kuɗi, ana ba shi lambobi 20 ya danna, mitar kuma ta ajiye masa yunit, ba naira ba. Tun da yunit ta ajiye, ƙarin farashi na gobe ba ya taɓa abin da ya riga ya shiga. A ƙaddara farashi naira 68 ne: wanda ya sayi wutar naira 20,000 ranar 2 ga Afrilu 2024 ya samu yunit wajen 294, ban da haraji, maƙwabcinsa da ya jira kwana biyu ya samu 89 da kuɗi iri ɗaya.

Wannan ciniki yana da kama da abin da malamanmu na fiƙihu suke kira salam, wanda Risala da Muhtasar suka yi bayaninsa: a biya kuɗi yanzu, a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin an san mudu, an san siffa, an san ajali. Manomin ƙasar Kano ya san irinsa tun kaka da kakanni a cinikin hatsi da gyaɗa. Kamance kawai muka yi, ba fatawa ba, domin a cinikin wuta an san mudu amma ajalin bayarwa yana hannun mai sayarwa.

To, ina matsayin wannan ajiya ranar tashi? Lambobin nan 20 an ƙulla su ne da lambar mita guda, ba za su shiga wata mitar ba, abin da ya shiga kuma mai gida ba shi da hanyar zuƙo shi ya zuba a wata. Ita kanta mitar, ko da mutum da kuɗinsa aka sa ta, an yi mata rajista ne da adireshin gidan da taransifomar da ke ciyar da shi. Ba shi da ikon kiran mai gyaran wuta ya kwance ta ya tafi da ita kamar fanka. Duk wani ɗauke mita sai ta hannun kamfani, kuma Dokar 2023 ta tanadi tara ko ɗauri ga mai taɓa mita ba bisa ƙa'ida ba. In ma an kai ta sabon wuri bisa ƙa'ida, farashin sabon layi za ta hau. Masu kwance mita da dare don su tsira da farashin tsohuwar unguwa suna jefa kansu cikin laifi ne, suna kuma barin mai gida da bango tsirara.

A nan ɗan haya ne ya fi shan wuya. Ƙa'idojin samar da mita na 2018, waɗanda aka yi wa gyara a 2021, sun ba mai amfani da wuta damar biyan kuɗin mita, kamfani kuma ya mayar masa da kuɗinsa sannu a hankali ta hanyar ƙara masa yunit. Tun da ta cikin mitar ake mayarwa, ɗan hayan da ya biya ya tashi bayan shekara guda, ragowar haƙƙinsa wanda ya gaje shi a ɗakin ne zai sha. Maganin wannan ba ya wurin kamfani, yana cikin takardar haya. Ya kamata tun ranar da za a sa mitar a rubuta cewa mai gida ne zai biya, ko kuma a riƙa cirewa daga kuɗin haya, a gaban shaidu ko mai unguwa. Haka nan wanda ya san tashinsa ya kusa, ya rage saye. Abin da ya ragu kuma ya sayar wa mai shigowa a bisa abin da mitar ta nuna.

Ƙiyasi da bashi

Har yanzu masu amfani da wuta da yawa a ƙasar nan ba su da mita, kuma a karkara abin ya fi yawa. Waɗannan kuɗin ƙiyasi ake kawo musu. A wasu garuruwa ma takarda ɗaya ake kawowa ta taransifoma duka, kwamitin gari ya raba wa gidaje, a duba mai firji da mai injin markaɗe da mai ƙwan lantarki biyu kawai. Da yake abin da mutum yake bayarwa yakan daɗe bai sauya ba, sai ya ɗauka ƙayyadadden farashi ke gare shi. Alhali kuwa wannan rangwame ne na zaman tare, wanda ya ginu a kan sanayya. Ranar da ya bar garin ya bar shi. A watan Fabrairu 2020 Hukumar ta sa wa ƙiyasi iyaka, ta ce kada a caji marar mita fiye da wani adadin yunit, wanda ake lissafawa daga abin da masu mita na yankinsa suke sha. Ita ma wannan iyaka ta wuri ce, ba ta mutum ba. Haka kuma sassaucin nan na masu ƙaramin ƙarfi, wanda tsarin 2012 ya sa naira 4 kowane yunit ga wanda ba ya wuce yunit 50 a wata, an rataya shi ne ga yawan abin da gida yake sha da yadda aka yi masa rajista.

Saura bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a harkar wuta maganar ta tabbata. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne, mutum ya tare a gida, wata bai ƙare ba a kawo takarda da tarin bashin shekaru, ko kuma ya sayi wutar kati ya ga an ba shi rabin abin da ya zata, domin ana cire wani kaso ana biyan bashin da ke kan asusun gidan. A nan doka da fiƙihu da al'ada bakinsu ɗaya. A fiƙihu bashi yana kan zimmar wanda ya ci shi, ba a mayar da shi kan wani sai in wanda ya ci bashin yana bin wancan ɗin, ko kuwa shi ya ɗauka da yardarsa a matsayin lamuni. Hukumar NERC ma ta sha bayyana cewa ba a tilasta wa sabon mazauni biyan bashin wanda ya gabace shi ko na mai gida. Abin da ke kawo cikas shi ne, littafin kamfani gida ya sani, kuma sau da yawa sunan da ke kan asusu na wanda ya gina gidan ne, wataƙila ma ya daɗe da rasuwa. 'Yan haya biyar sun shiga sun fita a ƙarƙashin suna ɗaya, ba wanda ya sanar da shigarsa, ba wanda ya sanar da fitarsa. In aka zo rabon bashi, wa zai ce ga inda na wane ya tsaya?

A ganinmu laifin nan rabawa ne. Kamfanonin rarraba wuta ba su sauƙaƙa sauya suna a kan asusu ba, musamman ga mutumin ƙauye da zai biya kuɗin mota zuwa ofis, kuma cire bashi daga katin wanda ke ciki ya fi musu sauƙi bisa ga neman wanda ya gudu. Mu kuma muna da kunyar da ba ta da amfani: mutum zai duba rufi da rijiya da makewayi, amma yana jin nauyin ya ce wa mai gida, Alhaji, a nuna mini takardar wuta ta ƙarshe. Wannan tambaya kuwa ita ce ta fi kowace muhimmanci, domin takardar, ko rasidin kati na ƙarshe, ita za ta nuna rukunin da gidan yake, da farashin yunit, da bashin da ke kansa. Bayan wannan, ranar tarewa a ɗauki hoton mita da lambarta da abin da ta nuna, a rubuta wa kamfani takarda da kwafin yarjejeniyar haya, a karɓi shaidar sun karɓa. Mai tashi shi ma ya rubuta ya sanar, ya nemi lissafinsa na ƙarshe, domin in gidan ba shi da mita ƙiyasi zai ci gaba da hauhawa a kan asusun ko da ɗakin a kulle yake, kuma in da sunansa asusun yake, wannan ne kaɗai abin da zai bi shi har sabon gida. Idan aka samu saɓani, matakin farko shi ne sashen ƙorafi na kamfani, wanda ƙa'ida ta ba kwanakin aiki 15. In ba a warware ba sai ofishin sauraron ƙararraki na Hukumar, wanda akwai shi a Kano. Daga nan sai ita Hukumar kanta, ko hukumar jiha a inda jiha ta karɓi ragama.

Inda farashi yake bin mai shi

Akwai masu ƙulla farashi da kansu a Nijeriya, amma ba magidanta ba ne. Ƙa'idar 2017 ta ba manyan masana'antu damar sayen wuta kai tsaye daga masu samar da ita a kan farashin da suka daidaita. Akwai kuma ƙananan tashoshin hasken rana na gari guda, waɗanda ƙa'idojin 2016 da na 2023 suka tsara, inda akan daidaita farashi tsakanin mai tasha da jama'ar gari a rubuce. Wannan ya fi kusa da yarjejeniya ta gaskiya, sai dai da gari aka ƙulla ta, iyakarta kuma iyakar turakun tashar.

Abin da ya rage shi ne farantin sola na gida, wanda ya bazu a ƙauyukan ƙasar Kano, ana ganinsa a rufin masu cajin waya da masu shagon magani da masallatai. Wanda ya saya kuɗi hannu ya riga ya biya wutar shekaru masu zuwa a farashin ranar da ya saya, sai dai canjin batir. Wanda ya karɓa a kan biya sannu-sannu kuwa, da sunansa da lambar wayarsa aka rubuta yarjejeniyar, an faɗi abin da zai riƙa biya da ranar da zai gama. In aka yi masa canji daga Tsanyawa zuwa Gwarzo ko Ɗambatta, sai ya kwance faranti da batir ya ɗora a mota tare da katifa da tukwane. Amma ƙaramin faranti ba ya ɗaukar dutsen guga, balle injin niƙa, kuma kuɗin babba ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, tun da kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Ɗan haya kuma sai ya nemi izinin mai gida kafin ya huda rufi, ya kuma sa a rubuta cewa kayan nasa ne, domin abin da aka kafa a jikin gini yakan zama abin jayayya ranar tashi.